Macijin Cikin Akwati: Abin da Gardi Ba Ya Faɗa wa 'Yan Kallo

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, mutum iri uku ne ke ajiye maciji mai dafi da gangan. Akwai gardi, mai bin kasuwanni da akwatinsa da gangarsa da jakar magani. Akwai mai kama maciji, wanda ake tura yaro ya kira in an ga maciji a rumbu ko a bayan ɗaki, wani lokaci kuma in ya kama ba ya kashewa, sai ya tafi da shi gida ya ajiye har ya sami gardi ko mai haɗa magani da zai saya. Na ukun sabon shiga ne, saurayi mai waya da ya ga ana wasa da maciji a TikTok, shi ma yana so a ɗauke shi bidiyo da kumurci a wuya. Dukansu sun yarda da magana guda, wai macijin da ya shiga hannu ya daina zama na daji. Wannan maganar nake so mu bi daki-daki, domin a kanta ake rasa ido, a rasa hannu, a rasa rai.

Sai mu fara da sanin abin da ke cikin akwatin. Macizan da suka fi yi wa mutanen arewacin Najeriya ɓarna uku ne, kuma kowanne da yadda dafinsa ke aiki.

Kububuwa ita ce ƙarama a cikinsu, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta ji tsoro sai ta kanannaɗe tana goga jikinta da jikinta, ka ji wani sauti yana tashi shuu. A wasu wurare gobe-da-nisa ake ce mata. Dafinta jini yake bi, ya cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai jinin mutum ya koma tsararo. Wanda ta sara yana iya tashi ya yi tafiyarsa, ya ci tuwo, ya yi hira, washegari a ga jini a dasashinsa, ko tsohon miki ya ɓalle da zuba, ko fitsari ya yi ja. In jinin ya tsiyaya a cikin kai ko a ciki, shi ke nan. Likitocin da suka yi aiki a kanta a Najeriya sun ƙiyasta cewa in babu makarin asibiti, daga cikin mutum 100 da dafinta ya shige su, 10 zuwa 20 kan mutu.

Kasa kuwa ƙatuwa ce, mai kauri da faffaɗan kai, ga ta da nawa wajen tafiya, shi ya sa ake raina ta. Amma nawar a tafiya ta tsaya. Wajen kai sara, kafin ƙiftawar ido ta gama. Fiƙoƙinta dogaye ne, suna nutsewa cikin tsoka, dafin kuma nama yake ci: ƙafa ta kumbura suntum, fata ta yi bororo, wuri ya ruɓe, har ta kai likita ya ce sai an yanke.

Na uku kumurci, wanda wasu ke ce wa gamsheƙa, shi ne abin son gardawa, don shi ke miƙewa ya fasa kai, 'yan kallo su ja da baya suna salati. Irin wanda ya fi yawa a wajenmu yana tsarto dafi daga nesa, saransa kuma yana ruɓar da nama. Yana da ɗan'uwa wanda ba ya tsartuwa, shi kuma jijiyoyi dafinsa ke kashewa. Fatar ido ce ke fara nauyi, mutum ya kasa buɗe ido sosai, harshe ya karye, yawu ya ƙi haɗiyuwa, daga ƙarshe ƙirji ya kasa jan numfashi alhali mutum yana cikin hankalinsa. Ba kowane mai kama maciji ne ke rarrabe su biyun ba, ga shi kuma hatsarinsu ba ɗaya ba ne.

To, yaya dafin ke fita? A bayan kowane ido na maciji akwai jaka da ke haɗa dafi, daga ita wata 'yar hanya ta sauko zuwa fiƙa. Fiƙar kamar allurar asibiti take, da rami a ciki da ƙofa kusa da tsini, in tsoka ta matse jakar sai dafi ya bi ramin ya shiga jiki. Dabarar farko da masu wasa da maciji suka dogara a kanta ita ce raba shi da wannan fiƙa. Wasu da filaya suke karyawa, wasu su miƙa masa tsumma ya sara su fizge da ƙarfi. Daga nan sai hankali ya kwanta, a ce ai wannan an cire masa haƙori.

Abin da ba a faɗa shi ne, maciji bai dogara da fiƙa guda ba tsawon rayuwarsa. Ko a daji yana zubar da ita lokaci-lokaci wata ta maye gurbi, don haka a bayan kowace fiƙa mai aiki akwai wasu a jere a cikin dasashi, ƙanana da manya, suna jiran layi. In ka karya ta gaba, cikin 'yan makonni wata ta fito. Ba ta sanarwa. Macijin da aka yi wasa da shi lafiya a kasuwar wancan mako yana iya zama da cikakken makami a ta wannan makon, ga akwatin ɗaya, ga hannun ɗaya. Ko a kwanakin da babu fiƙar ma jakar dafi ba ta daina aiki ba, dafin na tsiyaya a cikin baki, kuma maciji na da wasu ƙananan haƙora masu kaifi da ke iya yakushin fata su buɗe masa hanya. 

Wasu sukan wuce nan su ɗinke bakin macijin da zare, su bar 'yar kafa ta harshe. Wannan zalunci ne ƙarara, dabba ce mai rai aka hana ci da sha har ta mutu, kuma bai rage hatsari ba, ya dai sauya masa wuri. Macijin da aka karya wa fiƙa ko aka ɗinke wa baki, bakinsa kan ruɓe, ba ya daɗewa. Ke nan dole gardi ya yi ta neman sabo. Duk sabon kamu kuwa sai an shiga rami ko suri ko tarin duwatsu, sai an riƙe kai da hannu, sai an buɗe baki an yi aikin filaya, kuma duk wannan da macijin da dafinsa ke cike ake yi.

Dabara ta biyu sabo ne. Za ka ji mutum na cewa, wannan ya san ni, shekara guda muna tare. Kare na sanin ubangidansa, doki ma haka, har kurar da gardawa ke ja da sarƙa tana gane muryar mai ita. Maciji ba haka aka halicce shi ba. Iyakar abin da ke faruwa shi ne, in ana yawan taɓa shi ba a cuce shi ba, tsoronsa kan ragu, ya rage kai sara. Ba ƙauna ba ce, ba alkawari ba ne, ranar da wani abu ya firgita shi zai yi abin da aka halicce shi ya yi. Kiɗan gangar ma ba rawa yake sa shi ba. Maciji ba shi da kunne a waje, ba ya jin sauti yadda muke ji, girgizar ƙasa yake ji a jikinsa. Lanƙwasar da kumurci ke yi in ya fasa kai, bin motsin hannu ko gwiwar gardi yake yi da ido, yana auna inda zai kai sara. Abin da 'yan kallo ke kira rawa, tsayuwar kare kai ce.

Akwai lokutan da hatsarin ke ninkuwa, kuma duk na yau da kullum ne. Buɗe akwati na farko: hannu na kan murfi, fuska na sama, ba a san ta wace kusurwa macijin ya kwanta ba. Lokacin ba shi abinci: hannun da ya riƙe ɓera ko kwaɗo yana ɗauke da warinsu, maciji kuwa da harshe yake sansano abinci, ba ya bambanta yatsa da ɓera. Lokacin saɓa: idanunsa kan yi fari-fari na wasu kwanaki, ganinsa ya ragu, duk abin da ya motsa kusa sai ya kai masa sara. Sai kuma yanayi. Jikin maciji zafin wuri yake bi. Da sanyin safiyar hunturu za ka ɗauke shi laƙwas, ka ɗauka ya yi ladabi, rana na dukan akwatin ya koma wani abu dabam. A bazarar ƙasar Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40, macijin da ya yini a akwati a bayan babur ko a saman mota daga Dogon Daji zuwa wata kasuwa, a galabaice yake fitowa kuma a fusace. Buhu ma ba kariya ba ne, fiƙar kasa na huda shi ta samu cinya ko bayan wanda ya saɓa.

Kada a ce ai wannan sai wanda bai ƙware ba. Karl Schmidt babban masanin macizai ne a gidan tarihin Field da ke Chicago a Amurka, ya tsufa a cikin aikin. A watan Satumba na 1957 aka kawo masa wani ƙaramin macijin bishiya na Afirka don ya tantance irinsa, ya riƙe shi, ya same shi a babban yatsa. Ya ɗauka ɗan wannan ba zai iya kisa ba, bai je asibiti ba, ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa, har jinin da ke fita daga baki da hanci. Washegari ya rasu. A watan Satumba na 2001 kuma Joseph Slowinski, wani masanin daga Kalifoniya, yana aikin bincike a wani ƙauye mai nisa a arewacin ƙasar Bama, ya zura hannu a jaka yana zaton macijin ciki marar dafi ne. Mai kashe jijiya ne. Abokan tafiyarsa suka yi ta hura masa numfashi baki da baki sa'o'i da dama suna jiran jirgin da zai ɗauke shi, jirgi bai samu sauka ba, ya cika a washegari. A 2016 wata mawaƙiya a Indonesiya, Irma Bule, wadda ta saba hawa dandamali da macizai, ta taka wutsiyar wani babban kumurci ya sare ta a cinya, ta ci gaba da waƙa kusan minti 45 kafin ta faɗi, ba ta tashi ba. Duk ukun sun san maciji, dukansu sabo ne ya sa suka sassauta.

Dabara ta uku ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke fita daga da'irar gardi ta shiga gidajen mutane. Ita ce maganar laƙani da makari. Gardi ya bari maciji ya sare shi a gaban jama'a, ya nuna wurin, ya shafa gari ko ya tauna wani saiwa, ya yi tsalle ya ce ga shi nan garau. Sai ya ɗaga ƙullin magani: "Alhaji, ka ajiye a gida saboda iyali. Malam, kai da ke shiga gona, kada ka tafi ba ka karɓa ba." Mutane su miƙa kuɗi. Ba wauta ce ke sa su saya ba, abin da ido ya gani ne. Sai dai idon bai ga duka ba.

Da farko, mai yiwuwa macijin ba shi da fiƙa a ranar. Na biyu, ko mai fiƙa ne, ba kowane sara ke zuwa da dafi ba. Haɗa dafi aiki ne a jikin maciji, da shi yake farauta, don haka sau da yawa in don kare kai ne sai ya yi saran gargaɗi bai zuba komai ba, ko ya zuba kaɗan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna haka a fili: kimanin mutum miliyan 5.4 maciji ke sara a duniya kowace shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Sauran ko macijin marar dafi ne, ko mai dafin ne bai zuba ba. Ka ga ke nan duk abin da aka ba waɗannan, ko gari ne ko rubutu ko ruwan randa, za su warke, kuma maganin ne zai sha yabo. Wanda dafi ya shige shi sosai ya mutu kuwa, sai a ce kwana ne ya ƙare, ko an makara, ko ya karya sharaɗin magani. Ta haka sunan magani ke ɗorewa shekara da shekaru, waɗanda suka rayu suna ba da shaida, waɗanda suka mutu ba mai tambayarsu.

Kububuwa ce ke tona asirin wannan lissafi, don ita ba kasafai take sara a banza ba, kuma dafinta ba ya nuna kansa da wuri. Manomi ya dawo daga girbin gero ko yankan shinkafa a fadama da sara a ƙafa, a ɗauko ƙullin da aka saya a kasuwa, a tsaga wurin da reza, a shafa, a ba shi ya sha ya yi amai, a ce dafi ya fita. Tsagar nan a jikin da jininsa ya daina daskarewa ƙofa ce aka buɗe. Kwana biyu ana jiƙa tsumma da jini, sai a rana ta uku a nemi mota. Wannan mutumin bai taɓa ajiye maciji ba, amma wasan da ya kalla a kasuwa ne ya cinye masa kwanakin da ya kamata ya yi a asibiti.

Shi kansa gardin da aka yi wa tsaga tun yana yaro, aka ba shi ya sha, aka ce an dafa shi, babu wata shaida ta likitanci da ta nuna hakan na hana dafi aiki. Yawan shan sara ma ba garkuwa ce abin dogaro ba. Akasin haka na faruwa: masu daɗewa suna hulɗa da dafi, har da shaƙar busasshensa wajen share akwati, jikin wasunsu kan koma yana ƙin dafin da ƙarfi, ta yadda sara ɗan kaɗan zai sa maƙogwaro ya kumbura, jini ya faɗi cikin mintuna, tun kafin dafin ya fara nasa aikin.

Yanzu mu bar mai akwatin mu dubi waɗanda ba su zaɓi wannan sana'a ba. A wajen wasa su wa ke sahun gaba? Yara ne da almajirai, a tsugune, idanunsu daidai da tsayin kan kumurci in ya miƙe. Kumurci mai tsartuwa ido yake nema, kuma yana kai dafinsa nisan mita 2 ko fiye. Tun a 1976 Dokta David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi da wani abokin aikinsa suka wallafa bayanin mutanen da wannan tsartuwa ta yi wa gyambo a ido a arewacin Najeriya, har da waɗanda suka makance. Binciken da aka yi a ƙasar Malumfashi a wajajen 1980 ma ya nuna yadda haɗuwa da wannan maciji ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu. Da'irar da gardi ke zanawa a ƙasa da sanda ba ta kai nisan da ya kamata ba, kuma in wasa ya yi daɗi matsowa ake yi.

A gida kuma, ina ake ajiye akwatin? Ƙarƙashin gado, ko zaure, ko wani kango kusa da inda mata ke girki. Akwatin katako na tsagewa, gara na ci, murfi na sakin ƙusa, maciji kuwa duk kafar da kansa ya shiga jikinsa zai bi. In ya fita ba daji zai nufa ba, yana tsakiyar unguwa, inda ake kwana a tabarma a tsakar gida lokacin zafi. Kumurci an san shi da shiga ɗaki da dare ya sari mai barci. Kasa tana da wani abin dabam: ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, 'ya'ya gommai a lokaci guda, kowanne da dafinsa tun ranar farko. Wanda ya kamo kasa mai ciki bai sani ba, yana iya wayar gari da akwati cike da 'ya'yan da kafar da ta hana uwarsu fita ba za ta hana su ba. Ga kashin maciji da ruwan akwatinsa, suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa zawo da zazzaɓi, ga yara masu rarrafe a wurin. Ko an kashe shi ma da saura. Muna cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, to kan da aka sare ɗin ma yana iya sara in aka taɓa shi, har bayan wani lokaci. A tura shi rami da sanda a binne, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

To, sara ya auku, dafi ya shiga. Mene ne makarin gaskiya, kuma ina yake? Allura ce da ake samu ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya haɗa abin da ke kashe shi, a tace a zuba a kwalba. Saboda haka kowane makari macizan da aka yi shi da dafinsu yake yi wa aiki. Wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ya wadatarwa a kan kububuwarmu, ko da hotonta na jikin kwalin. An ga haka a wani asibitin karkara a Ghana, inda mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kusan 12 bayan an sauya makari mai kyau da wanda bai dace ba. A Najeriya an yi aiki na musamman aka samar da EchiTAb iri biyu da dafin macizanmu, ɗaya a Birtaniya don kububuwa kaɗai, ɗaya a Kosta Rika don kububuwa da kasa da kumurci mai tsartuwa. An gwada su a Kaltungo ta Jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano na cikin waɗanda suka daɗe suna wannan fafutuka. A lura, kumurcin da ke kashe jijiya ba ya cikin ukun nan. Wanda irinsa ya sara yana iya buƙatar na'urar da za ta yi masa numfashi, ita kuwa sai babban asibiti.

Makarin yana da tsada, ba kuma kullum ake samunsa ba. Ƙarancinsa ya tsananta a Afirka bayan kamfanin Sanofi ya daina yin nasa mai suna Fav-Afrique, wanda ragowarsa ta ƙare aiki a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa a shekara a ƙiyasinta. Ka auna wannan da inda muke. Daga Tambuwal zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Daga ƙauyukan Kebbe sai an fara fitowa bakin titi tukuna, da damina a kan hanya mai laka, da dare kuma ga fargabar rashin tsaro. Kaltungo, inda aka gwada makarin, tana can wani ɓangaren Arewa. Kowace kwalbar makari da aka ƙarar a kan wanda ya kai hannunsa da kansa, an rage ta ne daga rabon manomi da makiyayi da mai ɗebo itace, waɗanda neman abinci ya kai su.

Ba a ce babu masu ajiye macizai bisa hujja ba, ai da dafin ake yin makarin. A makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila ana ajiye su da yawa, har da na Najeriya, ana tatsar dafi. Amma dubi yadda suke yi. Kowane maciji da akwatinsa mai kulle da sunansa a rubuce, a ɗakin da ba ya da kafar fita. Da ƙugiya mai dogon hannu ake ɗaga shi, ana sa kariyar fuska saboda masu tsartuwa, ba a aiki mutum ɗaya, makarin kowane iri na ajiye, asibiti kuma ya san da su. A kudancin Indiya, bayan dokar kare namun daji ta 1972 ta taka wa cinikin fatar maciji da wasa da shi birki, ƙabilar Irula, waɗanda suka gaji kama maciji kaka da kakanni, sun kafa ƙungiya a 1978: su kamo, a tatsi dafi na 'yan makonni, a mayar da macijin daji, a sayar da dafin ga masu haɗa makari. Wannan misali ya burge ni, don bai wulaƙanta gado ba. Masu kama macijinmu sun san rami, sun san sawu, sun san lokacin fitowar kowane iri, ilimi ne na gaske. A ganina inda ya dace da shi ke nan, fitar da maciji daga gidajen mutane da kayan aiki, ba rataya shi a wuya ba. Hakimai da sarakunan kasuwa kuma suna da ikon da za su hana a buɗe akwati a tsakiyar yara tun yau, ba sai an jira doka daga Abuja ba.

In sara ya riga ya faru, ga abin yi bi da bi. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a hana shi gudu ko doguwar tafiya da ƙafa, don motsi na gaggauta yaɗuwar dafi. A cire zobe da agogo da guru da duk abin da zai matse in wuri ya kumbura. A ɗaura wa hannun ko ƙafar sanda sako-sako yadda ba za ta riƙa lanƙwasa ba. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, wannan ɗaurin ya jawo yanke gaɓoɓi da yawa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya jiran baƙin dutsen da ake ɗorawa a kan sara. Kada a ba shi asfirin da danginta, suna ƙara tsinka jini. A duba agogo a riƙe lokacin, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, in a babur ne wani ya zauna a baya ya tallafe shi, in yana amai a kwantar da shi ta gefe. Addu'a a yi ta a hanya. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi da ko ƙaramin asibiti zai iya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafin kububuwa na aiki, makari ake buƙata ko da mutum na cewa lafiyarsa ƙalau. In tsartuwa ce a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara na tsawon lokaci, kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye, sannan a kai a duba idon.

Mai ajiye maciji yana da wani ƙarin aiki da sauran mutane ba su da shi. Ya san irin macijin da ya sare shi, to ya faɗa wa likita gaskiya, kada kunyar a ce laƙaninsa ya karye ta sa ya ɓoye ko ya jinkirta. Kuma a daidai lokacin da kowa ya rufu a kansa ana neman mota, akwatin yana nan a buɗe, macijin yana ƙasa. Dole wani babba ya kwashe yara, ya ja ƙofar ɗakin ya toshe ƙasanta, ya tsaya a wurin har a samo wanda ya iya. In jinya ta yi tsawo ko ta zo da ƙarar kwana, matarsa da 'ya'yansa ne za a bari da sauran akwatunan, ba su san nawa ne a ciki ba, ba su san wanne ne fiƙarsa ta dawo ba.